Suna Linzami Ne: Harshenmu Da Halinmu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fifita ɗan Adam a kan dabba da baiwar magana. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata tambaya wadda ta daɗe tana kai da komo tsakanin masana. Shin halin mutane ne yake haifar da maganarsu, ko kuwa maganar ce take renon halin? Wani zai ce wannan ai musun malaman nahawu ne, ba ruwan manomi ko ɗan kasuwa da shi. To, amma in an bi ta a hankali, za a ga tambaya ce da ta shafi cinikinmu, da aurenmu, da zamanmu da maƙwabta, da kuma yadda za mu tsaya gaban Ubangiji ranar da za a karanta wa kowa abin da bakinsa ya furta.

Bari mu fara da suna guda ɗaya. A yammacin Jihar Kano, wajen Karaye da Rogo, akwai gari da ake kira Turawa. Yaron yau in ya ji wannan suna, mutanen Ingila ko na Faransa ne za su faɗo masa a rai. Alhali kuwa a bakin kakanninmu, waɗanda aka fara kira Turawa su ne Larabawan arewacin Afirka, fataken Gadamas da Tarabulus masu ƙetaro Sahara da raƙuma. Har yanzu a cikin birnin Kano akwai unguwar da ake kira Dandalin Turawa, inda waɗannan fatake suka zauna. Da sojojin Ingila suka ci Kano a shekarar 1903, aka yi ta kiransu Nasara, sa'an nan a hankali sunan Turawa ya koma kansu ɗungum, har ba a tunawa da masu shi na farko. Ga kalma ɗaya ke nan ta adana mana labarin mutanen da muka yi ciniki da su, da na waɗanda suka zo daga baya suka mallake mu.

Haka abin yake in mutum ya saurari Hausar da ake yi a kowane ƙauye. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, kuma Shehu Magili ya sauka Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15. Ko da duk littattafan tarihi za su ɓace, harshen kansa ya isa shaida. Ranakun mako bakwai, daga Lahadi zuwa Asabar, duk Larabci ne. Allo, da littafi, da alƙalami, da liman, da alƙali, da labari, da lafiya, da lahira, kowannensu ya shigo Hausa da harafin "al" na Larabci manne a gabansa, har ya zama ɗan gida. Yinin Bahaushe kuwa da lokutan salla aka yanka shi: asuba, azahar, la'asar, magariba, lisha. Wanda ba ya salla ma in zai yi maka alkawari, cewa zai yi ku haɗu bayan la'asar.

Ita kanta kalmar alkawari abin lura ce. Asalinta "al-ƙaul" ne, watau magana kawai. Da ta zo hannun Hausawa sai ta zama abin da mutum ya ɗaukar wa kansa, har suka ce alkawari kaya ne. Mutanen da suka mai da kalmar "magana" ta zama "alkawari" sun gaya mana ke nan yadda suka ɗauki furucin dattijo.

Gaisuwa ma madubi ce. Je ka gona wajen Karaye da damina, ka ce wa manomi sannu da aiki, ka tambaye shi ina aiki, zai ce aiki da godiya. Tambaye shi ina gajiya, gumi na zuba daga goshinsa, zai ce ba gajiya. Tambayi majinyaci yaya jiki, ko yana kan gargara, da sauƙi zai ce. In ka tambayi ruwa, a ce maka ya yi gyara. Baƙon da bai san mu ba zai ce ƙarya muke yi. Ba haka ba ne. Harshen ya horar da mu ne mu fara da godiya kafin kuka, kuma yaro yana shan wannan darasi tun bai san sunan darasin ba. Haka nan uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kama sunan mijinta, yaron da ya ci sunan kakansa kuwa Abba ake ce masa, yarinya a ce mata Ummi. Wannan kunya ce ta sami mazauni a cikin harshe.

Akwai kuma kalmar boko. An daɗe ana cewa daga kalmar Turanci ta littafi aka aro ta, amma a shekarar 2013 masanin Hausa ɗan Amurka, Paul Newman, ya nuna tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na ainihi ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Ashe da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, sunan da iyayenmu suka ba wannan karatu hukunci ne suka yanke masa. Kuma hukuncin ya yi aiki, domin uba ba ya ɗokin kai ɗansa wurin da sunansa ma yake cewa jabu ne. A nan ne za mu fara ganin cewa kalma ba ta tsaya ga nuna abin da ke zukata ba, har tuƙa su take yi. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa suna linzami ne.

Malamanmu na da sun san da haka. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana harshe a matsayin ɗabi'a da take kafuwa a jikin mutum ta hanyar maimaici, ya kuma lura cewa wanda aka ci da yaƙi yakan kwaikwayi wanda ya ci shi. Ibn Taimiyya ya tafi a kan cewa harshen da mutum ya saba da shi yana yin tasiri a hankalinsa da ɗabi'unsa da addininsa. A ƙarni na 20 wasu masana biyu na Amurka, Edward Sapir da almajirinsa Benjamin Whorf, suka shahara da irin wannan ra'ayi, ko da yake masana na bayansu sun rage masa ƙarfi, sun ce harshe yana karkata tunani ne, ba ya ɗaure shi.

Amma mu babbar hujjarmu tana cikin Alƙur'ani da Sunna. A Suratul Baƙara, aya ta 104, Allah Ya hana muminai amfani da wata kalma da suke faɗa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ya ba su wata a madadinta. Niyyar sahabbai kyakkyawa ce, amma wasu Yahudawan Madina suna karkatar da kalmar zuwa izgili, sai aka rufe ƙofar. Shi kuma Manzon Allah ya canza sunaye da yawa. Ya mai da sunan Barra ya zama Zainab. Ya hana ubangida ya ce "bawana" ko "baiwata", ya koya masa ya ce yarona da yarinyata, domin bauta ta Allah ce Shi kaɗai. Buhari ya ruwaito cewa kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa Hazn, watau mai tsauri; Manzon Allah ya so ya mai da shi Sahl, mai sauƙi, sai ya ƙi barin sunan da ubansa ya raɗa masa. Sa'idu ya ce tsaurin nan bai rabu da gidansu ba bayan haka. In da kalma iska ce kawai, da Shari'a ba ta ɓata lokaci a kanta ba.

Wani misali yana kusa da mu ƙwarai. A yammacin Kano da kudancin Katsina akwai Hausawan da ake kira Maguzawa. Masana da yawa suna ganin sunan ya fito ne daga Majusu, kuma ya tabbata a cikin Buhari cewa Manzon Allah ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar. Sa su a ƙarƙashin wannan suna ya ba su matsayi a shari'a: su biya jiziya, a bar su a gonakinsu cikin amana. Dubi yadda suna ya zama inuwa ga al'umma guda. Sa'an nan dubi yadda wasunmu yau suke jifan maƙwabcinsu da "arne" a kasuwa ko a mota, alhali Suratul An'am, aya ta 108, ta hana zagin abin da wasu suke bauta wa ma, balle a mai da wulaƙanci hanyar kira zuwa ga addini. Ba a taɓa jin wanda zagi ya shigar da shi Musulunci ba.

To, a nan mai hankali zai iya kawo suka, kuma sukar tana da ƙarfi. Zai ce ai ayyuka da niyya suke, kuma Allah zukata Yake dubawa. Zai kawo ayar Suratul Baƙara ta 225, wadda ta nuna ba a kama mutum da rantsuwar da ta suɓuce masa ba da nufi ba. Zai tuna mana hadisin Muslim na mutumin da taguwarsa ta ɓace a daji da guzurinsa, da ya gan ta sai tsananin murna ya sa ya juya maganarsa ga Ubangiji, ba a kuwa kama shi da laifi ba. Zai ƙara da cewa canza suna ba ya canza abu. Ka daina ce wa mutum makaho, ka ce mai lalurar gani, in ka bar shi bakin titi yana bara me ka ƙara masa? Wannan duk gaskiya ne, kuma wajibi ne mu karɓe shi. Gyaran baki ba tare da gyaran aiki ba ado ne a kan rubabben gini.

Sai dai akwai bambanci tsakanin suɓutar baki ta mutum ɗaya, da al'adar da jama'a suka zauna a kanta. Suɓutar baki tana wucewa. Al'adar baki kuwa ita ce take renon yara, ita ce kuma take sa abin ƙyama ya daina ba da ƙyama. Manzon Allah ya ba da labari, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wasu daga al'ummarsa za su sha giya suna kiranta da wani suna. Me zai sa mashayi ya nemi sabon suna, in ba don tsohon sunan yana hana shi sakewa ba? Haka kuma labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kashi ya ce shi kyauta aka ba shi. Manzon Allah ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Watau ya tuɓe wa abin sunan aro, ya bar shi da sunansa na yanka.

Yanzu sai mu juyo kan kanmu, mu duba kalmomi biyar da muke ta'ammali da su kullum.

Ta farko, goro. Goro abin girmamawa ne, da shi ake neman aure, da shi ake raɗin suna. Amma yau in ma'aikaci ya riƙe takardar talaka har sai an ba shi wani abu, ba ya cewa a ba shi cin hanci, na goro yake nema, ko kuɗin shayi, ko ya ce a yi masa ihsani. Mai bayarwa ma hankalinsa kwance, wai alheri ya yi. Alhali hadisi ya tabbata da la'anta mai ba da rashawa da mai karɓa. Da za a tilasta wa su biyun su kira abin da sunansa da ƙarfi a gaban 'ya'yansu, da da yawa sun fasa.

Ta biyu, in sha Allahu. Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24, ta koya mana jingina abin da za mu yi gobe ga nufin Allah, domin bawa ya san ba shi da iko. Wannan kalma ta wanda ya ƙudurta zai yi ce. Amma mun mai da ita hanyar zillewa. Tela ya san ɗinkin ba zai yiwu kafin Salla ba, wanda ake bi bashi ya san ba shi da niyyar biya ran kasuwa, kowa sai ya ce in sha Allahu. Har ta kai in an faɗa wa yaro haka sai ya ɓata rai, don ya gane "a'a" ake nufi. Wace irin hasara ce ta kai a ce yaro Musulmi ya tashi yana jin sunan Allah a matsayin alamar saɓa alkawari? Ga shi kuwa saɓa alkawari yana cikin alamomi uku na munafuki da Buhari da Muslim suka ruwaito. Gara ka ce ba zan iya ba, a ji zafi na ɗan lokaci, mutuncinka ya tsira.

Ta uku, wallahi. Shiga kasuwar hatsi ko ta dabbobi ka ƙirga sau nawa za ka ji ta kafin a sallama buhu ɗaya. Hadisi ya nuna rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka. Suratul Ma'ida, aya ta 89, ta ɗora wa wanda ya karya rantsuwar da ya ƙulla kaffarar ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, in bai samu ba ya yi azumin kwana 3. Rantsuwar ƙarya da gangan don cin haƙƙin wani kuwa tana cikin manyan zunubai. Da yawan rantsuwa ya kashe mata kaifi, sai ga shi wallahi ɗaya ba ta isa, sai an haɗa da tallahi da billahi, duk da haka mai saye bai yarda ba. Yarda ce ta yi ƙaranci a tsakaninmu, harshe kuwa ya tona asirin.

Ta huɗu, almajiri. Asalinta "al-muhajir", wanda ya bar gida saboda Allah, sunan da sahabban da suka yi hijira daga Makka suke ɗauke da shi. Manyan malaman ƙasar nan duk sun amsa wannan suna, har babban malami yakan kira kansa almajiri don tawali'u. Yau kuwa in an ce almajiri, yaro mai ƙoƙo da tsumma ake gani, har ana kiran kowane mabaraci da sunan. A nan ba kalmar ce ta yi laifi ba, mu ne muka bar yaran cikin halin da ya ja sunan ƙasa. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, an ga gwamnatocin jihohin Arewa suna kwasar su a motoci ana mai da su garuruwansu, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kafa hukumar tarayya ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Amma darajar sunan ba za ta dawo ba sai uban da ya haifi yaro ya ɗauki ciyarwarsa da suturarsa, kamar yadda Shari'a ta ɗora masa. Shi kuma sunan da ya zube yana ƙara zubar da yaran, gama wanda aka saba kira "kai almajiri" ba a tambayar sunan da ubansa ya raɗa masa, balle a tambayi ko ya ci abinci.

Ta biyar, haƙuri. Babu shakka haƙuri maganin zaman duniya ne, kuma Allah Yana tare da ma'abotansa. Amma a lura da wanda muke faɗa wa ita. Matar da miji ya hana ci da sha ta kai ƙara gidansu, a ce ta yi haƙuri. Ɗan ƙodago ya yini yana huɗa a hana shi ladansa, a ce ya yi haƙuri. Maraya a cinye masa gona, a ce ya yi haƙuri. Shi kuwa mai zaluncin ba wanda ya ce masa ya ji tsoron Allah. In aka yi haka, kalma mai tsarki ta zama takunkumi a bakin mai rauni. Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta ba wanda aka zalunta damar ya bayyana abin da aka yi masa. Dattijon ƙwarai shi ne wanda zai fara karɓo haƙƙi, sa'an nan ya ba da haƙuri.

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce, hali da magana kowannensu yana ciyar da ɗan'uwansa, kamar gona da taki. Hali ne yake fara sauka a kan kalma, ya ɗaga ta ko ya zubar da ita. Daga nan ita kuma kalmar ta juyo ta reni waɗanda aka haifa suka tarar da ita. Don haka gyara ta fuska biyu ne, kuma wanda ya kama ɗaya ya saki ɗaya bai yi kome ba.

Daɗin daɗawa, kada wani ya zaci maganin abin shi ne mu raina Hausa. Larabci harshen Alƙur'ani ne, kuma koyon abin da salla ba ta inganta sai da shi wajibi ne a kan kowa. Amma Suratur Rum, aya ta 22, ta ƙirga bambancin harsuna cikin ayoyin Allah, Suratu Ibrahim kuma, aya ta 4, ta nuna kowane manzo da harshen mutanensa aka aiko shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa jama'a wa'azi da Fulatanci da Hausa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajis suna kai su ga matan ƙauyuka. A zamaninmu kuma Shehu Abubakar Mahmud Gumi da Shehu Nasiru Kabara kowannensu ya fassara ma'anonin Alƙur'ani da Hausa. Harshen da ya ɗauki wannan kaya ya cancanci a tsare shi. Iyayen da suke murna ɗansu bai iya gaida kakarsa da Hausa ba, su sani ba kalmomi kaɗai ya rasa ba, har da ladabin da ke naɗe a cikinsu.

Abin da ake nema a wurin kowannenmu ba mai yawa ba ne. Ka kira haram da sunanta, ko da kai ne mai aikata ta, domin wanda yake kiran zunubinsa zunubi yana kusa da tuba. Kada ka ce in sha Allahu sai ka yi niyya. Ka bar rantsuwa sai inda ta zama dole. Ka tambayi yaron da ya zo ƙofarka sunansa. Ka faɗa wa azzalumi gaskiya kafin ka ba wanda aka zalunta haƙuri. Sahabi Mu'azu ɗan Jabal ya taɓa mamakin ko za a kama mu da abin da muke faɗa, Manzon Allah ya sanar da shi cewa abin da harsuna suka girbe shi ne yake kifa mutane a wuta. Magana kuwa zarar bunu ce.

Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya daidaita su da zukatanmu, Ya sa kalmar shahada ta zama ƙarshen furucinmu a duniya. Amin.